A Ina Ake Tsayawa? Musayar Baitoci Kan Kallon Mawaƙi Kai Tsaye

Auta:

Sallama yayyena, ku karɓi gaisuwa,
Tambaya gare ni, ku taimaka mini.
In za a je kallon mawaƙi kai tsaye,
A wane gefe ake tsayawa a ji a gani?
Wasu sun ce gaba, a gindin dandamali,
Wasu sun ce tsakiya, to wa ya fi sani?
Me ke sa lasifika ana tsakar waƙa
Ta ƙwala ihu siriri mai tsini?
Ƙarar da ke bin kunne har zuwa gida,
Lafiya ce ko kuwa alamar rauni?
Ku amsa da baiti, kowa da fanninsa,
Mai sauti, mai kunne, da mai tsaron gini.

Malam Mai Miksa:

Amin, ƙanwata, matso kusa ki ji,
Tun da rana makaɗa ke zuwa gwaji,
Ganga, jita, murya, bi da bi a ɗaga a ji,
Fili ba kowa ake fara saitawa.

Nemi teburin miksa, na'urar daidaita sauti, can a tsakar fili,
Yana kallon cibiyar dandamali,
Nan injiniya ke zaune da kunne da hankali,
Abin da ya ji a nan shi yake gyarawa.

In kina son ki ji ainihin tsarin,
Tsaya 'yan taku a gaban teburin,
Hagu da dama na haɗuwa a wurin,
Murya da kiɗa daidai suke isowa.

Gindin dandamali na ido ne kawai,
Manyan lasifiku na rataye bisa kai,
Sautinsu ya tsallake ki ya yi baya sosai,
Ganga da bes, sauti mai kauri, su danne murya, ba ta fitowa.

Bango da kusurwa, Auta, ki bar su,
Kaurin bes na taruwa a jikinsu,
Kalmomin waƙa su dagule a cikinsu,
Ga amsa-kuwwa tana ta dawowa.

Sauti na cin mita 343 a sakan,
In kin ja mita 34 zuwa can,
Kashi 1 cikin 10 na sakan ya makara ke nan,
Hannun makaɗi ya sauka, amo na biyowa.

Shi ya sa a babban fili ake kafa hasumiya,
Da lasifiku a kanta daga tsakiya,
A jinkirta sautinta da lissafi na gaskiya,
Ya jira na gaba su tafi tare ba rabuwa.

Ihun kuwa, makirufo ne ya fuskanci lasifika,
Abin da ta furta shi kuma ya ɗauka,
Ya mayar mata, ta ƙara, haka dai haka,
Daga wannan zagayen ihun ke tasowa.

Maganinsa, makirufo ya matso kusa da baki,
Kar a rufe kansa da tafi, yana ɓata aiki,
Injiniya ya gano zangon da ke tsaki,
Da ya sassauta shi, ihun sai mutuwa.

Yaya Mai Duba Kunne:

Malam ya nuna inda ake tsayawa,
Amma bai taɓo zancen kunne ba.
Auta, ƙarar nan da ke bin mutum gida
Gargaɗi ce, ba shaidar an more ba.
Can cikin kunne akwai ƙwayoyi masu gashi,
Wajen 16,000 a kunne guda, ba su fi ba.
Su ke mai da amo saƙo zuwa ƙwaƙwalwa,
Wadda ta mutu ba za ta sake tsirowa ba.
Ma'aunin ƙara sunansa desibel,
Riƙe lissafin nan, bai yi wuya ba.
A 85 kunne na jure awa 8,
Ƙara 3, rabi ya rage, ba duka ba.
88 awa 4, 91 awa 2,
94 awa 1, ba a ƙara ba.
A 100 kuwa minti 15 ne kacal,
Waƙa huɗu ke nan, ba a kai rabin wasa ba.
Wasan dare sau da yawa yana kai 100,
A bakin lasifika ma bai tsaya nan ba.
A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya
Ta tsara wa gidajen wasa, ba ta yi shiru ba:
Matsakaicin ƙara a kowane minti 15
Ba a so ya haura desibel 100 ba.
Don haka matoshin kunne ya shiga aljihu,
Auduga da tishu ba za su tare ba.
Na soso, murza shi da yatsu ya sirance,
Ja kunnen sama da baya, ba ƙasa ba.
Tura shi ciki ki dafe sakan 30,
In kin saki da wuri bai gama kumbura ba.
In rabinsa na leƙowa a madubi,
Cire ki sake, wannan bai zauna ba.
Washegari a ba kunne yini na shiru,
Ba a ɗora masa wani kiɗan ba.
In ƙarar ta ƙi tafiya, ko ji ya ɗauke a gefe guda,
Likita za a gani da sauri, ba jira ba.

Ɗan Sahun Gaba:

Yaya, a gafarce ni, zan ɗan musanta,
Soso a kunne ai waƙar yake ɓata,
Ya shanye zaƙin murya da sheƙinta,
Ka ji kiɗa kamar daga ɗakin maƙwabta.
Malam, sahun gaba ma kar ka ƙasƙanta,
Nan ake ganin gudun yatsu a kan jita,
Da ƙiftawar idon da mai ganga zai karanta
Ya gane za a ja amshi ko a taƙaita.
Irin wannan sai wanda ya zo ya kusanta.

Yaya Mai Duba Kunne:

Ƙanena, ka yi gaskiya a kan soso,
Ya fi danne sautin sama, ban musa ba.
Amma akwai na makaɗa mai 'yar matata a ciki,
Ya rage ƙarar, bai taɓa zaƙin ba.
Akwai mai rage 9, da 15, da 25,
Na sahun gaba ya ɗauki babban, ba ƙaramin ba.
Cire 15 daga 100 ka koma 85,
Minti 15 ya zama awa 8, ba kaɗan ba.
Dubi kunnen mawaƙin da kake kallo,
Yawancinsu yau ba su bar shi a buɗe ba.

Malam Mai Miksa:

Na karɓa, ɗan'uwa, gaba ma wuri ne,
Duba leɓen dandamali ko ƙananan lasifiku na zaune,
In an jera su, murya za ta iso kunne,
In babu, ja baya kaɗan kafin farawa.

Baba Mai Tsaron Ƙofa:

'Ya'yana, kun gama zancen sauti,
Bari in sa nawa a cikin baiti,
Farkon lamari shi ne tikiti,
Saya wajen masu wasan, ka bar na kan hanya.

Hoton tikiti ba ya wuyar kwafa,
Mutum 10 su saya su hallara a ƙofa,
Na'ura ta karɓi wanda ya fara sa ƙafa,
Sauran 9 ta ce an riga an shiga, su koma baya.

Da shigarka fara neman mafita,
Ta gefe, ka ƙirga takun da ke kai ka gare ta,
Ban da wadda kowa ya shigo ta cikinta,
Don in an firgita can ake nufa ba waiwaya.

A 2003, a Rhode Island ta Amurka,
Tartsatsin wasan wuta ya lashi soson da aka liƙa
A bango don tare amo, gidan waƙar duk ya ɗauka,
Rai 100, da yawansu a mashigin ƙofa ɗaya.

Ga ma'aunin cunkoso, ku riƙe shi,
Murabba'in mita guda, mutum nawa ke cikinshi?
2 ko 3, kowa na shan numfashi,
Daga 5 zuwa 6 kuwa an shiga wuya.

Alamarsa, hannunka ya kasa kaiwa fuska,
Taro na kaɗawa kamar ciyawa a iska,
Kafin matsin gaske ya zo ya riska
Fara zamewa gefe tun kana iya tafiya.

Ku sani, yawanci ba tattakewa ke kisa ba,
Ƙirji ake matsewa, iska ba ta samu shiga ba,
Mutum na tsaye ya suma, bai ko faɗi ba,
Don haka ƙirji ake fara ba kariya.

Hannu biyu gaban ƙirji, tsayuwar ɗan dambe,
Ƙafa a ware don kar ka zube,
Kar ka ja da turin, bi shi a karkace har ka keɓe,
Waya in ta faɗi bar ta, kar ka sunkuya.

In an faɗi a yunƙura a tashi nan take,
In ya gagara, kwanta ta gefe, kai a riƙe,
Gwiwa a naɗe, ido a farke,
Na kusa su ɗago shi, kar kowa ya juya.

A bikin waƙa a Roskilde ta Denmak, a 2000, an rasa 9,
A gindin dandamali inda turi ya fara,
Daga nan aka yanka wurin da shingaye aka gyara,
Kowane sashe da adadinsa, ba a cusa kowa wuri ɗaya.

Bikin kiɗan Duisburg ta Jamus a 2010 abin tunawa ne,
Mashiga da mafita duk gangare guda ne,
Masu zuwa da masu komawa nan suka cakuɗe ne,
Rai 21 ya salwanta a wannan hanya.

Auta:

Madalla Baba, da Malam, da Yaya,
Saura guda ɗaya ta tsaya mini.
Masu fid da fitattun kowane wata, wasa da faifai da fim,
Da wane ma'auni suke zaɓen gwani?

Anti Mai Kundin Wata:

Auta 'yata, kundi ake buɗewa,
Abin da bai hau takarda ba an mance.
Daren wasan kafin barci a zauna,
Rana, wuri, jerin waƙoƙi, duk a rubuce,
Inda aka tsaya da yadda sauti ya iso,
Waƙar da ta sha bamban da faifai a tantance.
Maki kuwa ba a daren ba, zumuɗi na ruɗi,
A bari kwana 3 su wuce.
Faifai a ji shi sau 3 daga farko har ƙarshe,
Ba tsallake, kafin a ce ga abin da za a ce.
Wasa da wasa ake aunawa, faifai da faifai,
Fim da fim, haka ya dace.
Kar a yi hukunci da bidiyon waya,
Makirufonta ƙarami ne, bes ya sa sautin ya lalace.
Waƙa guda ta isa ɗauka don tuni,
Sauran a mai da ita aljihu, caji ya kasance.

Baba Mai Tsaron Ƙofa:

Tun da an taɓo waya, ga abin lura,
Taro in ya cika layi ba ya ɗaukar kira,
Tun a ƙofa ku yanke wurin haɗuwa da jira,
Alama tsayayya a waje, ba mota mai tafiya.

A sha ruwa tun ƙishi bai kama,
Zafi da doguwar tsayuwa ke kawo suma,
Mai jin jiri ya fita tun da dama,
Na gaba ya ɗaga hannu, masu shinge su tsallakar da shi lafiya.

In fitilu sun kunnu, wasa ya ƙare,
Dubbai ke nufar babbar ƙofa a tare,
Tsaya minti 10 a gefe, jakarka a tsare,
Sai ka bi ƙofar da ka ƙirga takunta, ka kama hanya.