Hucin kwano ne ke cinye kafur, ko iska?

Alhaji mai shago, Agege: Assalamu alaikum. Kafur ɗin da nake ajiyewa a saman kanta, dab da rufin kwano, yana raguwa fiye da na ƙasa, kuma ban taɓa ganin ɗigon ruwa a ƙarƙashinsa ba. Na haƙiƙance hucin kwano ne kaɗai ke cinye shi, iska ba ta da hannu a ciki.

Injiniya, Apapa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ina tare da kai. Mafi yawan abin da muke kira kafur a kasuwa naftalin ne, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 80, shi ya sa ba ka ga ruwa ba. Daga daskararre yake rikiɗa ya zama tururi kai tsaye. Kwano kuwa yana aiko da zafinsa ko da babu iskar da za ta ɗauko shi, kuma bisa ƙa'idar da masanin kimiyya Stefan ya gano a 1879, wani masanin mai suna Boltzmann ya tabbatar a 1884, hucin yana bin zafin a ma'aunin Kelbin (wato digirin da muka saba a ƙara masa 273) idan an ninka shi da kansa sau huɗu. A ƙaddara kwano ya tashi daga digiri 30 zuwa 60, abin da yake fitarwa zai ƙaru da kusan kashi 46 cikin ɗari, kuma mai tsatsa ya fi sabo mai ƙyalli fitarwa.

Ɗaliba, Akoka: Injiniya, a gafarce ni, lissafinka daidai ne amma bai wanke maganar Baba ba. Zafi yana ƙayyade yawan tururin da ke kwance a fuskar ƙwayar kafur ɗin, kuma ƙarin digiri 10 yakan ninka shi fiye da sau biyu. Sai dai idan ba a kwashe tururin nan ba, iskar da ke kewaye za ta ƙoshi, raguwar ta tsaya. Wannan ne ma dalilin da masu bincike ke sassaƙa naftalin su sa shi a hanyar iska, su auna nauyin da ya ragu, domin su san yadda iska ke ɗaukar abu daga fuskar wani jiki.

Injiniya, Apapa: Ƙanwata, iska, ko da ta fanka ce, ba ta ƙirƙirar tururi, abin da zafi ya tayar take kwashewa.

Ɗaliba, Akoka: Haka ne, amma kalmar "kaɗai" nake ja da ita. Baba, ka rufe rabin kafur ɗin a kwalba mai murfi, ka bar rabi a buɗe a wuri guda, ka auna su bayan mako biyu.

Alhaji mai shago, Agege: 'Yata, zan gwada. Amma akwai wanda ke ɗaure a leda, ƙwayoyin sun ƙanƙance, sai wani farin gari mai ƙyalli ya taru a gefen da ke jingine da bango.

Ɗaliba, Akoka: To Baba, bai fita ba ke nan. Ya tashi daga gefen da kwano ke gasawa, ya sake daskarewa a gefen bango mai sanyi. Ka ɗora ledar a kan sikeli, za ka tarar nauyin bai ragu sosai ba.