"Babba juji ne": ta dace da shugaban ikilisiya?

Malamin makarantar Lahadi, Zuru:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwa. A wajen keɓe sababbin dattawa a wata ikilisiya kusa da Dabai, mai wa'azi ya ja musu kunne da karin maganar nan, "babba juji ne, kowa ya kwaso shara sai ya zuba masa", sannan ya haɗa ta da Markus 10:43-45, inda Yesu ya ce wanda yake son zama babba cikin almajirai sai ya zama mai yi musu hidima. Ina neman ra'ayinku, domin ban gamsu cewa maganganun biyu hanya ɗaya suka nufa ba.

Dattijon ikilisiya, Yelwa:
Ɗana, mai wa'azin bai kauce ba. Wanda aka ɗora wa dattijantaka shi ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan miji da mata sun saɓa, shi ake kai wa takardar magani idan kuɗin asibiti ya gagara, kuma bayan ya sasanta mutane biyu, sau da yawa kowannensu zai fita yana cewa an goyi bayan ɗan'uwansa. Ka duba Littafin Ƙidaya sura 12. Maryamu da Haruna sun yi gunaguni a kan ɗan'uwansu Musa saboda matar da ya aura, mutuniyar Kush, amma da kuturta ta kama Maryamu, Musan da aka ci mutuncinsa shi ne ya roƙa mata warkarwa. Irin wannan haɗiye fushi karin maganar take nufi.

Uwar Zumuntar Mata, Birnin Kebbi:
Baba, a gafarce ni, amma juji a zaune yake, sai an kawo masa. A Yahaya sura 13 Ubangiji Yesu tashi ya yi daga wurin cin abinci, ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya bi almajirai ɗaya bayan ɗaya yana wanke musu ƙafafu, alhali yana sane da wanda zai bashe shi a cikinsu, kuma babu wanda ya roƙe shi. Na sha jin wannan karin magana daga bakin manyan da ba su taɓa ɗaukar tsintsiya ba ranar Asabar da muke sharar majami'a, kuma su ne suke ɓata rai idan baƙo ya zauna a kujerarsu ta gaba. A bakinsu ta koma kirarin kai.

Mai bishara, Gusau:
Mama ta taɓo gaskiya, sai dai manomi ba ya raina juji, tun da kafin damina ake kwashe shi a amalanke ko a mangalar jaki a kai gona. Damuwata a wani wuri take. Akwai abin da bai kamata shugaba ya binne ba. Idan ma'aji ya taɓa kuɗin baikon ikilisiya, ko aka danne wa gwauruwa gonar mijinta, sai ka ji an lallashi fasto da cewa babba juji ne, ya rufe maganar. Bulus bai rufe ba lokacin da Bitrus ya janye daga cin abinci tare da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, a Antakiya, ya tsawata masa a gaban kowa, kamar yadda Galatiyawa sura 2 ta nuna. Haka kuma da aka kawo ƙarar cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci a Urushalima, manzanni sun sa an zaɓi mutum 7 su riƙe aikin.

Dattijon ikilisiya, Yelwa:
Malam, na yarda da kai cewa zagin da aka yi wa shugaba shi kaɗai yake da ikon yafewa, ban da hakkin wani. Amma 'yata, kada a kori karin magana saboda masu ɓata ta. Sabon dattijo da jini a jika yana bukatar jin ta tun kafin a fara zaginsa.

Uwar Zumuntar Mata, Birnin Kebbi:
To Baba, a ci gaba da faɗa musu ita ranar keɓewa, amma ina roƙon a riƙa sa sunayensu a jerin masu sharar Asabar tare da namu.