Neman sunan siririyar taliyar nan ta Sin kafin shirin Alhamis

Mai shirin girki, Garwa (Kamaru): Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri a rediyo kan adana busasshen abinci da damina, amma na rasa sunan da zan kira siririyar taliyar nan ta Sin da ake sakawa cikin nem (ɗan naɗin da ake cusa wa nama da kayan lambu a soya), wadda ake rubuta vermicelles de soja da Faransanci a jikin ledarta. Da sitacin wani ɗan ƙaramin koren wake ake yin ta, ba da waken suya ba duk da abin da sunan ya nuna, kuma idan ta dahu ana hango abin da ke bayanta. Ina kuma neman Hausar DDM, wato kwanan watan da ake bugawa a jikin ledar.

Malamin makaranta, Marwa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ce taliyar sitaci, domin 'yan Koriya da sitacin dankali suke yin tasu, wasu kuma da na rogo, sunan kuwa ya haɗe su duka. Kada dai ki ce taliyar gilashi yadda ake kiran ta da Ingilishi, don kada uwa ta ji ta ɗauka abin da zai yanki hanjin ɗanta ne.

Dattijo mai fassara, Kusiri: 'Yata, sitaci da gilashi duka aro ne daga Ingilishi, alhali muna da gasara. Abin da ake tacewa daga waken nan a bar shi ya kwanta a ƙasan ruwa, ai gasara ce. Ni zaren gasara nake kiran ta, kuma ina ganin ya fi dacewa da bakin Bahaushe.

Mai shirin girki, Garwa: Baba, sunan yana da daɗi, amma yana rushe mini darasin. Gasara ɗanya ce, cikin 'yan kwanaki take tsami, ni kuwa so nake mata su gane cewa wannan taliya tana kai shekara ɗaya zuwa biyu a rufe cikin ledarta, kuma ba abin da ke kashe ta kamar danshi. A Garwa, cikin watan Agusta, ledar da aka buɗe aka bari a kan kanta sai ta sha laima, zaren ya yi laushi, fumfuna ta biyo baya. Ga shi kuma tana jan wari, shi ya sa ba a ajiye ta kusa da daddawa ko sabulu, sai a kwalba ko roba mai murfi, nesa da murhu da rana.

Dattijo mai fassara, Kusiri: To, a ce zaren busasshiyar gasara. Abin da ke damuna shi ne kullum sai mu jira Kano ta aro kalmar Ingilishi sannan mu ɗauka, mu da ko Ingilishin ba mu yi a makaranta ba. Fillanci ya cinye mana kasuwa, Faransanci ya cinye ofis, ashe ko kalma ɗaya ba za mu ƙera da kanmu ba?

'Yar kasuwa, Injamena: Baba, a gafarce ni, amma taliya ma baƙuwa ce da ta zauna har aka manta da baƙuntarta. Idan mace ta zo shagona ta nemi zaren gasara, wurin tela zan tura ta.

Malamin makaranta, Marwa: Mu koma kan DDM, don a nan ne kuskure zai jawo asara. Idan aka ce ranar lalacewa, za a zubar da abinci lafiyayye. Wannan sunan ya dace da DLC, wato wani kwanan watan daban da ake sa wa nama da kindirmo, kuma ba a ƙetare shi. DDM kuwa wa'adin inganci ne: bayan ya wuce ana iya dafa taliyar muddin ledar ba ta huje ba, babu fumfuna, babu ƙwari, babu warin ruma.

Dattijo mai fassara, Kusiri: Wa'adin inganci na amince da shi ba tare da gardama ba. Sitaci dai har yanzu bai kwanta mini ba.

Mai shirin girki, Garwa: Na gode muku duka. Zan ce taliyar sitaci, in ambaci sunan Faransancin sau ɗaya domin a gane ta a shago, in kuma yi amfani da gasara wajen bayanin yadda ake yin ta.

Dattijo mai fassara, Kusiri: Ki yi hakan don lokaci ya ƙure miki, 'yata, amma a littafina zaren gasara zan ci gaba da rubutawa.