Ƙara ta taso a injin motata farat ɗaya, makanike ya ce sai an sauya inji

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku kafin in ɗauki nauyin da aljihuna ba zai iya ba. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2003, shigowar Amurka, kuma mitarta ta haura mil 200,000, wato sama da kilomita 320,000. Jiya bayan la'asar na taso daga wurin aiki a Kakuri, nan Kaduna, zan koma gida Kawo ta titin Nnamdi Azikiwe, sai na faɗa wani rami da ban ankara da shi ba, kuma ko minti biyu ban ƙara ba motar ta ɓarke da ruri kamar tsohon janareto, har masu Keke Napep suna waiwayena. Idan na taka totur ƙarar ta ƙaru, idan na ɗaga ƙafa ta lafa, amma ba ta ɗaukewa, kuma a cikinta akwai wani ƙas-ƙas mai sauri. Fitilar mai ba ta kama ba, allurar zafi tana inda ta saba tsayawa. Na lallaɓa na kai ta wani gareji da ke bakin hanya, makaniken ya saurara na ɗan lokaci, bai kwance ko noti ɗaya ba, ya ce inji ya buga, in shirya kuɗi a nemo wani a kasuwar Panteka. Shin kunne kaɗai ya isa a yanke wannan hukunci?

Amsar wani dattijon makanike:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka biya kuɗin inji tukuna. Na koyi wannan sana'a a kan Peugeot 504 tun ana harhaɗa su a Kakuri, kuma har yau ban taɓa cewa inji ya buga ba sai na ga mansa da idona. Ƙarar bugun inji tana da kamanninta: duka ne mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana ƙwanƙwasa tukunyar ƙarfe da guduma, kuma yana fitowa ne idan metal ɗin da ke tsakanin karanshaf da sandar fistin ya cinye har ƙarfe ya fara dukan ƙarfe. Irin wannan ba ya zuwa da ruri. Ruri aikin salansa ne, domin hayaƙin da ya kamata ya bi bututu har bayan mota ya sami kafar fita tun daga gaba. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji ma zai iya zama hucin kowace silinda yana tsartuwa ta wurin tsagewar, wanda mutane da yawa kan ɗauka ƙarar tafet ce, wato ƙarafan da ke danna bawul a saman inji. Tunda abin ya biyo bayan faɗawa rami, zuciyata ta fi karkata ga mahaɗar da ke tsakanin manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga jikin inji, da bututun salansa, wadda a tsohuwar mota tsatsa ta riga ta ci, jijjiga ɗaya take jira.

Ga abin da za ka sa a yi a gabanka. A ajiye motar a wuri mai daidai, inji a kashe ya huce, a zaro sandar awon mai a goge, a mayar, a sake zarowa. Bayan haka a kwance notin ƙasa a tari man a farantin da yake tsaf, a fita da shi rana a karkata shi. Idan metal ya ci, za ka ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a cikin man kamar an barbaɗa kwalli. A yanka filta ma a duba cikinta. Idan man ya fito baƙi kawai babu ƙyalli, to a ɗaga motar a bi salansa da tocila daga bakin inji zuwa baya, ana neman inda baƙin hayaƙi ya yi tabo. Duk inda ka ga wannan tabo, nan ne hayaƙi ke fita.

Amsar wani direban haya na hanyar Kaduna zuwa Zariya:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina roƙon mai tambaya kada rashin kamawar fitilar mai ya sa ya saki jiki. Fitilar ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa sosai, lokacin da sau da yawa ɓarna ta riga ta auku. A wasu motocin ma ƙwan fitilar ya daɗe da mutuwa, mai mota bai sani ba. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka tabbatar tana haskawa tare da sauran. Ni haka ta faru da ni a kusa da Jaji: na ji bugu, na ce bari in ƙarasa da fasinja, kafin mu isa Zariya sandar fistin ta huda jikin inji. Da na tsaya a lokacin, da wanke karanshaf da sabon metal sun wadatar. Saboda haka har sai an duba man nan, kada a sake tuƙa motar. Idan za a sauya gareji, a kira janwe.

Amsar wata Hajiya daga Barnawa:

Malam, ka sa a leƙa ƙarƙashin motar a ga ko abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi yana nan. Ni da safe na tayar da tawa na ji ruri irin wanda ka kwatanta, ashe cikin dare aka yanke shi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Na san taka a kan hanya ta fara, don haka da wuya sata ce, amma yana iya fashewa ko mahaɗarsa ta balle. Kuma don Allah kada ka ɗauki yara a cikinta gilashi a rufe, domin hayaƙin da ke fita ta gaba yana shiga cikin mota, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Amsar wani mai gyaran wayarin ɗin mota:

Ranka ya daɗe, injin wannan Corolla, wanda ake kira 1ZZ-FE, mai lita 1.8 ne, kuma da sarƙa yake aiki a taimin, ba da bel ba. Sarƙar idan ta saki takan yi karkarwa ne musamman da safe a tashin farko, ba ruri a tsakiyar tafiya ba, don haka ban sa ta a gaba ba. Abin da aka fi sanin injin da shi, musamman na shekarun farko, shi ne shan baƙin mai idan ringin fistin suka toshe, alhali duka man da yake ɗauka kusan lita 4 ne, wanda ya sa gargaɗin direba yake kan hanya. Idan mai ya fito lafiya kuma salansa ba ta nuna komai ba, a duba fulogi huɗun nan, domin wanda ya kwance ko ya fizge daga mazauninsa yakan yi ƙara kamar harbi, sai dai a lokacin mota kan yi rawa kuma ƙarfinta ya ragu, kai kuwa ba ka ambaci haka ba. Daga nan a cire bel ɗin waje a tayar da inji na ƙasa da minti ɗaya. Idan ƙarar ta ɗauke, laifin yana kan ɗaya daga abubuwan da bel ɗin ke juyawa, kamar altaneta, ko famfon ruwa, ko kwamfiresan AC, ko fulin da ke ɗaure bel ɗin. Kada a wuce minti ɗayan, saboda famfon ruwa ba ya juyawa idan babu bel.

Mai tambaya ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Na bi shawarar direba na kira janwe, muka kai ta wani garejin da ke da ramin duba mota. Man ya sauka har ƙasan alamar ƙarshe a jikin sanda, abin da ya ba ni kunya, domin tun juyen da ya wuce ban duba ba. Mun tare shi a faranti kamar yadda Baba ya ce, ni da kaina na juya shi a rana, babu ƙyalli ko kaɗan, filta ma haka. Da muka shiga ramin, sai ga mahaɗar salansa ta gaba a buɗe: noti ɗaya ya karye, gasket ɗin ya ƙone, baƙin hayaƙi ya shafe wurin har ya taɓa ƙarfen da ke kusa. Indomi yana nan, Hajiya. An sa sabon gasket da notuna, an zuba sabon mai da filta, rurin ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne wani ɗan tik-tik siriri daga saman inji, wanda na ji yau da asuba na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya ɓace.

Dattijon makanike:

Alhamdulillahi. Wannan tik-tik ɗin mai ne bai gama hawa sama ba, ko kuma sarƙar da yaron nan mai wayarin ya ambata. Ka riƙa duba sanda kowace Juma'a kafin ka tayar da ita, ka rubuta yawan man da kake ƙarawa da tafiyar da mita ta nuna. Idan ƙarar ta fara daɗewa bayan inji ya ɗumama, ka dawo da lissafin nan a hannunka mu duba.