Da me ake gane ingancin ƙaramar cibiyar da ke kula da majinyaci a gida idan ciwo ya fi ƙarfin magani?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu na fama da ciwon dajin nono, ya bazu zuwa ƙashin baya da ƙugu. Likitoci sun ce babu sauran aikin da zai warkar, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa mata raɗaɗi, ita kuma ta ce a mayar da ita ɗakinta. An haɗa mu da wata ƙaramar cibiyar hospis, wato masu kula da majinyacin da ciwonsa ya fi ƙarfin magani, a nan Kano: likita ɗaya, nas uku, gado biyu, yawancin aikinsu zuwa gida ne. Kafin mu amince, me ya kamata su riƙa yi mata, kuma me za mu tambaye su? Ba ta iya tashi, gyambon nonon yana wari, tramadol take sha, in ciwon ya tsananta a kira mai kemis ya yi mata allurar pentazocine.

Nas Ta Gida:

Wa alaikumus salam. Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba ku ladan jinya.

Malam, ƙanƙantar wurin kada ta dame ka. Hospice Africa Uganda, wadda Dakta Anne Merriman ta kafa a Kampala a 1993, da ma'aikata 'yan kaɗan ta fara, kuma kusan duk aikinta a gidajen majinyata ake yin sa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Tambayar farko ita ce: in ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare, wa zai ɗauki waya, kuma cikin awa nawa wani zai iso? In suka ce "sai da safe", to rabin aikin ke nan babu, domin yawancin tashin hankalin jinya irin wannan da dare yake zuwa. Su ba ka lamba biyu, ka gwada kira da daddare tun kafin ka biya ko sisi.

Zuwan farko ya kamata ya ɗauki awa ɗaya ko fiye. Za su karanta takardun asibiti, su tattara duk maganin da ke ɗakin har da na gargajiya, su tambayi Hajiya da bakinta inda ke mata ciwo da ƙarfinsa daga sifili zuwa goma. In lamba ta yi mata wuya, yatsun hannu biyar sun isa. Sai su juya ta su duba fatar baya. Wanda ya auna hawan jini ya rubuta magani ya tafi bai ɗaga zani ya ga ƙugu da dugadugai ba, bai duba ta ba. A bar littafi a ɗakin, ana rubuta lokacin kowane magani, ƙarfin ciwo, ranar da ta yi bayan gida, da yawan fitsari. Tana cikin kwanciyar hankali, zuwa biyu ko uku a mako ya wadatar. In jiki ya fara sauka, kullum.

Ka tabbatar akwai nas mace. Dattijuwa za ta iya ɓoye gyambo har ya ci nama don kunyar namiji.

Gyambon kwanciya shi ne babban ma'aunin aikinsu, don galibi ana iya hana shi. A juya ta duk awa biyu: dama, baya, hagu, da filo tsakanin gwiwoyi, wani kuma ƙarƙashin ƙwauri yadda dugadugai ba za su taɓa katifa ba. Tunda ciwon ya shiga ƙashi, mutum biyu ne za su juya ta da zanin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta, kafaɗa da ƙugu su tafi tare. Jan hannu ko ƙafa na iya karya ƙashin da dama ya yi rauni. In an ga wuri ya yi duhu ko ja, an danna bai sauya ba, gyambo ya fara. Kada a murza shi, kada a sa zoben roba, a ɗauke nauyi daga kansa kawai. Leda kai tsaye ƙarƙashin fata a zafin Kano tana jiƙa ta da gumi, dole a ɗora zanin auduga a kai.

Warin nonon kuma daga ƙwayoyin cutar da ke rayuwa cikin mataccen nama yake, turare ba ya maganinsa. A wanke a hankali da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, sannan a daka ƙwayar metronidazole ta yi laushi a barbaɗa, sau ɗaya ko biyu a rana. Cikin kwana biyu zuwa uku warin kan ragu sosai. Bandejin da ya manne a jiƙa shi kafin a cire, in ba haka ba zai yi jini. Dettol da sifirit ba su da wuri a wannan gyambon.

Duk wannan ku ne za ku yi, nas awa ɗaya take yi ta tafi. Cibiyar kirki za ta zaɓi mutum biyu ko uku a gidan ta koya musu da hannu, ta tsaya ta ga sun yi da kansu.

Mai Harhaɗa Magani:

Malama ta yi bayanin jinya, ni zan tsaya a kan magani, don a nan ake yawan cutar mutane.

Ka tambaye su kai tsaye: kuna da hanyar samun mofin na sha, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, kuma daga ina? Amsar da ake so ita ce likitansu ya rubuta, a karɓo daga ɗakin maganin babban asibitin gwamnati ko wani wuri mai izinin ajiye irin waɗannan magunguna. A Najeriya sai da takardar likita; Uganda ce tun 2004 ta yarda nas da aka horar su rubuta. Cibiyar da ba ta da mofin ba za ta iya da ciwon dajin da ya shiga ƙashi ba, komai kirkin ma'aikatanta.

Abin da Hajiya take kai yanzu ba tsari ba ne. Tramadol yana da iyaka, miligiram 400 a yini, ƙetare shi na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Pentazocine aikinsa awa uku ne zuwa huɗu, yana rikita tunanin tsofaffi, yawan allurarsa na taurara nama, sannan in aka haɗa shi da mofin yana rage masa ƙarfi. Ranar da aka fara mofin, su biyun a daina. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986 ita ce a ba da ta baki, a kan agogo, kada a jira ciwo ya dawo.

Yadda aka saba, likita na farawa da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa huɗu: shida na safe, goma, biyu, shida na yamma, goma na dare, biyu na dare. Wasu kan ninka na goman dare don a tsallake na ƙarfe biyu. In ciwo ya keto a tsakani, akwai ƙari, kashi ɗaya cikin shida na jimlar yini. Misali, mai shan 5 sau shida, jimlarsa 30, ƙarinsa 5. In a yini aka buƙaci ƙari uku, jimla ta zama 45, washegari likita ya mayar da shi 7.5 duk awa huɗu. Amfanin littafin da Malama ta ambata ke nan. Likita ne zai yi wannan lissafin, ba 'yan gida ba, amma in ka san shi za ka gane ko suna bibiya.

Kuskure mafi haɗari shi ne rikita miligiram da mililita. Akwai ruwan mai miligiram 1 a kowace mililita, akwai mai 10. In an sauya kwalba ba a sauya awo ba, an ninka sau goma. A auna da sirinji, kada a yi da cokali, kuma a rubuta awon a jikin kwalbar. Kwalbar rabin lita ta mai miligiram 1 ɗin, a kan miligiram 30 a yini, ba ta wuce mako biyu da 'yan kwanaki, don haka su nemo wata tun da sauran kwana biyar. Yankewar magani na dawo da ciwo da gumi da zawo.

Duk wanda ya rubuta mofin bai haɗa da maganin taurin bayan gida ba, kamar bisacodyl ko senna da dare, bai gama aikinsa ba. Tashin zuciya da gyangyaɗi kan wuce cikin 'yan kwanaki, amma taurin ciki ba ya wucewa. Kwana uku babu bayan gida, a kira su. A kuma yi gwajin ƙoda kafin a fara, domin in ƙoda ta yi rauni maganin na taruwa a jiki, dole a rage ko a ƙara tazara. Alamar ya yi yawa: ba a iya tashe ta, ƙwayar ido ta tsuke, jiki na zabura, numfashi ƙasa da takwas a minti. A tsayar da na gaba, a kira likita nan take.

Kwalbar a kulle ta a akwati, makulli a hannun mutum ɗaya. Gidan da ake ta shige da fice na masu dubiya, kowa ya san dalili.

Ɗan Gwammaja:

Na gode, Allah Ya saka. Sai dai yayyena na tsoron mofin, suna cewa shi ke ƙarasa mutum. Kuma sun fi son cibiyar ta riƙa sa mata ƙarin ruwa tunda ba ta cin abinci sosai. Shin rashin sa ruwan ba sakaci ba ne?

Likitan Unguwa:

Ɗan'uwa, tsoron nasu yana da asali: a wurare da yawa ba a ba da mofin sai mutum yana gargara, sai a ga an ba shi ya cika, a ɗora wa maganin. Wanda aka fara wa da kaɗan ana ƙarawa bisa buƙata na iya yin watanni yana sha, yana salla, yana hira da jikoki. A nemi likitan cibiyar ya zauna da dukan 'ya'yan lokaci guda ya yi bayani. Wannan zaman yana cikin aikinsu, ba alfarma ba ce, kuma in suka kauce masa alama ce.

Ƙarin ruwa yana da wurinsa: amai ko zawo da ya busar da ita, ko sinadarin kalsiyam ya hau a jini, wanda ke faruwa a ciwon dajin ƙashi, yana zuwa da ƙishirwa da ruɗewa da yawan fitsari. Wannan ana gwadawa, ana kuma magance shi. Amma in rashin cin daga ciwon kansa ne, ruwan ba ya ƙara ƙarfi. Jikin da ke sauka ba ya iya fitar da shi, sai ya taru a ƙafa da huhu, numfashi ya yi nauyi, kakari ya ƙaru. Cibiyar da duk zuwanta sai ta rataya leda biyu ta ƙara a lissafi, ka sa mata ido. Abin da ke kashe ƙishirwa shi ne kula da baki: a jiƙa shi da auduga mai ruwa duk awa, a shafa man Vaseline a leɓe, a duba harshe, in ya yi fari a ba da nystatin. Kunu ko koko cokali biyu-uku, tana zaune a jingine. Ɗura ga mai barci na sa ta ƙware, abin ya faɗa huhu.

A wuri ɗaya zan ƙara a kan abin da aka faɗa: hospis mai kyau ba ta rufe ƙofar asibiti. Da ciwo a ƙashin baya, in Hajiya ta ce ƙafafu sun yi nauyi ko sun mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ta sani ba, to mai yiwuwa ƙarin dajin ne ke danne lakar baya. Ana ba da dexamethasone, maganin rage kumburi, mai yawa a ranar, a kuma nemi shawarar likitan daji cikin awa 24. Haka nan gashin daji da na'ura (radiotherapy) sau ɗaya tak na iya rage ciwon ƙashi a wuri guda ko da ba zai warkar ba. Ka tambaye su da wane asibiti suke hulɗa.

Ka kuma ce su faɗa muku tun yanzu abin da za ku gani a kwanakin ƙarshe: yawan barci, raguwar fitsari, sanyin hannu da ƙafa, numfashi yana tsayawa yana dawowa. Kakarin da ake ji majina ce da ta kasa haɗiyewa. A kwantar da ita a gefe, allurar hyoscine ƙarƙashin fata na rage shi. Su bar magungunan gaggawa a gidan, na ciwo, na amai, na firgita, na kakari, tare da shirin abin da za a yi in ta kasa haɗiya. Saboda gyambon, a tanadi tawul masu duhu ko da zai ɓalle da jini. Iyalin da aka yi wa wannan bayani kan zauna a yi ta laƙanta mata kalmar shahada cikin natsuwa. Waɗanda ba a yi wa ba, a mota ake ƙarewa, ana yawo tsakanin asibitoci.

Sai takardu. Ka ga lasisin likitan na bana daga MDCN, hukumar da ke ba likitoci izinin aiki a Najeriya, na nas-nas ɗin na hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, da rajistar cibiyar a PHIMA, hukumar da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu a Kano. Kuɗi a rubuce: nawa ne zuwa ɗaya, nawa ne kiran dare, wa ke sayen bandeji da safar hannu da robar fitsari. Robar ma ka tambayi irinta, ta yau da kullum ana sauyawa cikin mako biyu zuwa huɗu, ta silikon na kaiwa wata uku. Ku fara da yarjejeniyar mako biyu. In a ƙarshensu Hajiya na samun barcin dare, ciwonta ya sauko zuwa uku ko ƙasa, fatar bayanta lafiya, warin ya ragu, ku sabunta.

Nas Ta Gida:

Likita, a ƙara da wannan: a tambaye su ko gadajen nan biyu na karɓar majinyaci na 'yan kwanaki don masu jinya su huta. Galibi 'ya mace ɗaya ce ke kwana a ɗakin, kuma juyi duk awa biyu da magani duk awa huɗu ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Malam, ku raba dare biyu tun yau, ku kuma sa wa masu dubiya lokaci, bayan la'asar zuwa magariba, mutum uku-uku.