Ya Rubuto Saki Daga Abijan, Ya Goge

Inna ta Bilbis:
Salamu alaikum, malaman garin Tawa,
Ku ba ni fatawa kan abin da ya sami ƙanwa.
Mijinta na Abijan, biɗa ta kai shi da jimawa,
Ya rubuto "na sake ki" a WhatsApp, ta gani da idanuwa.
Da gari ya waye ya goge, wai fushi ne, yana son shiryawa.
Auren na nan, ko kuwa an yi rabuwa?

Malam Ɗan Adar:
Wa alaikumus salam, Inna, ga amsawa.
"Na sake ki" sarihi ne, ba ya jiran niyya kafin aukuwa.
"Tafi gidanku" kinaya ce, sai an ji nufinsa da tambayawa.
Batun rubutu, Halilu a littafinsa na fiƙihu, Muhtasar, ya yi fayyacewa:
Mai azama, da ya rubuta, saki ya yi aukuwa,
Mai shawara da ransa kuwa, sai takarda ta yi isowa.
Wannan ta iso, an karanta, gogewa ba ta warwarewa.

Ɗan Biɗa:
Malam, a yi mana sassauci, mu da ke nesa muna wahalar nemowa.
Mutum ya wuni a rana, a kira shi da ƙorafi da zugawa,
Yatsa ya riga hankali, shi ke nan gida ya yi rushewa?

Malam Ɗan Adar:
Ɗana, na ji tausayinka, amma hukunci ba ya sauyawa.
Wa ke saki yana dariya? Da fushi ake furtawa.
Sai in hankali ya gushe ƙaf, bai san me yake cewa ba kuwa,
Ko an tilasta shi, Imamu Malik bai ƙirga wannan a sakewa.
Abu Dawuda ya ruwaito abu uku, wasansu ma na tabbatuwa:
Aure da saki da kome, ba a yi musu gatsewa.

Gwaggo Mai Islamiyya:
Malam, ƙara da wannan, maza sun cika mantawa:
"Kin haramta gare ni", littafin Risala ya ce saki uku ne ga wadda aka yi tarewa.
Kuma a tabbatar shi ya rubuta, salula na shiga hannun kowa.
In sakin na fari ne ko na biyu, yana da damar komawa,
Cikin idda, tsarki uku, mai ciki kuwa sai haihuwa,
Babu sabon sadaki, babu sabon ɗaurawa.
Abin da ke ci mini rai shi ne saurin korewa:
Suratuɗ Ɗalaƙi ta ce kar a fitar da su, a bar su da zaunawa,
Ci da sha na wuyansa har idda ta yi cikawa.

Inna ta Bilbis:
Allah ya saka da alheri, Malam da Gwaggo, na samu ganewa.
Wannan ne na farinsa, hoton saƙon na nan mun yi ajiyewa.
Gobe waliyyinta zai kira shi gaban liman, a ji ta bakinsa da shaidawa,
Ita kuma yau zan mai da ta ɗakinta kafin faɗuwar rana ta yi kusantowa.