Neman shawara kan jakar iska ta nutso da tulu ɗaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu nutso a teku. Ina nutso a Bahar Maliya da tulun iskar numfashi ɗaya na alminiyam mai lita 11, ina sanye da rigar roba mai kaurin milimita 3. Jakar iskar da na aro, wato wadda ake goyawa a baya tare da tulun don daidaita nutsewa da tasowa a ruwa, ta masu tulu biyu ce, saboda haka gefunanta suna naɗe tulun, iska ta maƙale a ciki, har na kasa fitar da ita lokacin da na tsaya a zurfin mita 5, abin da ya tayar mini da hankali sosai. Shin jaka mai ƙarfin ɗaga nauyin kilo 13 a cikin ruwa za ta ishe ni, ko sai mai kilo 18 idan na koma tulun ƙarfe? Kuma mai siffar zobe ta fi sauƙin fitar da iska?